Koyar da Kimiyya Tasha-Tasha a Makarantun Sakandare: Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a ƙasar nan ya san yadda darasin gwaji yakan kasance. Malami na gaba riƙe da kwalba ɗaya, ɗalibai sun yi masa rumfa, na gaba suna gani, na baya suna ɗage suna tambayar abin da ya faru. In an gama, kowa ya kwafi sakamakon daga allo, a ce an yi gwaji. Wani ɗalibin ba zai taɓa kayan gwaji da hannunsa ba sai ana saura 'yan makonni a shiga jarrabawar WAEC ko NECO, alhali hukumomin nan biyu suna da takarda ta musamman ta gwaji da hannu a darussan kemistiri da fiziks da bayoloji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wata dabarar koyarwa da ke rage wannan matsala ba tare da an jira ranar da za a cika ɗakin gwaji da kaya ba, wato koyarwa tasha-tasha. Za a kawo ma'anarta da asalinta, a gwada yadda za a tsara ta a wani aji a Tirwun da ke Bauchi, sannan a nuna dalilin da ya sa maganar ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a wannan dabara malami yana janye bakinsa daga yawancin aikin, ya bar rubutacciyar takarda da hirar yara su tsaya a madadinsa. In harshen takardar bai fita ba, darasin ya rushe ko da kayan gwaji sun cika ɗaki.

2.0 Ma'anar Koyarwa Tasha-Tasha

Koyarwa tasha-tasha ita ce malami ya rarraba darasi guda zuwa ƙananan ayyuka, ya ajiye kowane aiki a wani gefe na aji tare da kayansa da takardar da ke bayanin yadda za a yi shi. Kowane gefe shi ake kira tasha. Sai a kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fara daga tasha guda. In lokacin da aka yanka ya cika, a buga ƙararrawa ko a tafa hannu, kowane rukuni ya matsa zuwa tasha ta gaba, har sai kowa ya zagaye duka. Ke nan kayan aiki suna zaune wuri ɗaya, ɗalibai ne ke yawo.

Akwai bambanci tsakaninta da aikin rukuni wanda muka saba da shi. A aikin rukuni na yau da kullum, duk rukunai abu ɗaya suke yi a lokaci guda, don haka kowane rukuni na buƙatar nasa kayan. A tasha-tasha kuwa, rukuni ɗaya ne ke kan wani aiki a kowane lokaci, saboda haka kaya guda ya wadatar da ajin gaba ɗaya, ana karɓa-karɓa. A nan ribar dabarar take ga makarantar da ba ta da hali.

Na tsaya a kan kalmar "tasha" bayan na auna ta da "zango". Zango tsohuwar kalma ce ta fatake, wurin da ayari ke sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba, kuma ma'anarta ta dace ƙwarai. Sai dai a makaranta an riga an ba ta aiki: zangon karatu na ɗaya, na biyu, na uku. In malami ya ce a koma zango na biyu, yaro na iya ɗauka maganar bayan hutu ake yi. Ita kuwa tasha, duk da ararriya ce daga Turanci, ta daɗe da zama 'yar gida: tashar mota, tashar jirgi, tashar rediyo. Kowane yaro ya san tasha wuri ne da ake tsayawa na ɗan lokaci a kuma wuce.

3.0 Daga Ina Dabarar Ta Samo Asali?

Ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro ta ba. A shekarar 1907 Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a birnin Rum na ƙasar Italiya, inda ta jera kayan koyo a wurare daban-daban, yaro ya je ya ɗauka ya yi aiki da hannunsa. A wajajen 1920 wata malama Ba'amurkiya, Helen Parkhurst, ta gwada irin wannan tunani a makarantar sakandare ta garin Dalton, ta mai da azuzuwa ɗakunan aiki, kowane darasi da ɗakinsa, ɗalibi ya bi su da takardar aikinsa.

Zagayawa bisa agogo kuwa daga fagen motsa jiki ta fito. A 1953 wasu malamai biyu na Jami'ar Leeds a Ingila, Morgan da Adamson, suka tsara atisayen da 'yan wasa ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace tasha da irin motsinta. Daga baya malaman makaranta, musamman a Jamus, suka ɗauki tsarin suka kai shi cikin aji. Su ma likitoci sun are shi: a 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan suka bayyana wata jarrabawa da ɗalibin likitanci ke bin tashoshi, a nan ya duba majiyyaci, a can ya karanta sakamakon gwaji. Makarantun likitanci na Nijeriya ma suna amfani da ita a yau.

Wani ɓangare na dabarar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo malami ɗaya na iya riƙe almajirai masu yawa domin ba shi kaɗai ke koyarwa ba. Gardi na biya wa titibiri, titibiri na biya wa kolo, kowa na kan allonsa da inda ya tsaya. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi bayanin abin da ke faruwa a irin wannan zama. A ganinsa akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai kuma abin da zai iya in wani wanda ya ɗan fi shi ya kama masa, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne koyo ke faruwa. Abin da tasha-tasha ta ƙara a kan wannan tsohon tsari shi ne kayan gwaji da agogo da rubutaccen umarni.

4.0 Yanayin Aji a Wuri Irin Tirwun

Tirwun tsohon gari ne na Gerawa da ke gefen birnin Bauchi. A nan ne tarihi ya ce aka haifi Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa masarautar Bauchi a farkon ƙarni na 19. A yau birni ya bunƙasa ya iske garin, kuma abubuwa biyu ne suka sa na zaɓe shi a matsayin misali.

Na farko shi ne harshe. Geranci ɗan'uwan Hausa ne, domin dukansu daga iyalin harsunan Cadi suke, amma da yawa daga matasan Gerawa sun koma Hausa. Aji a gefen Bauchi kan tara yaran da a gida ake yi musu Geranci ko Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci, har da 'ya'yan Yarbawa da Ibo mazauna birni. Turanci ne harshen allo da littafi, amma Hausa ce ke haɗa su a filin wasa da hanyar gida.

Na biyu shi ne yawan ɗalibai da ƙarancin kaya, wanda matsala ce ta ƙasa baki ɗaya. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare a bugunta na 2004, amma sanin kowa ne azuzuwa da yawa a birane sun zarce haka. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin magance matsalar kimiyya ta hanyar kafa makarantu na musamman, kamar yadda Jihar Kano ta yi a 1977 da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Irin waɗannan makarantu zaɓaɓɓun ɗalibai suke ɗauka. Mafi yawan yara suna makarantun jeka-ka-dawo ne, kuma daga cikinsu ake sa ran samun masu shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha. Yaron da bai taɓa riƙe kayan gwaji ba, da wane shiri zai shiga irin wannan jami'a?

5.0 Misalin Darasi: Asid da Alkali

Mu ƙaddara aji ɗaya na babbar sakandare mai ɗalibai 60, darasin kemistiri, kuma an haɗe fira biyu an sami minti 80. Batun shi ne asid da alkali, wato sinadarai masu tsami irin na lemon tsami da kishiyoyinsu irin kanwa. In aka yi tasha 5, kowane rukuni zai kai mutum 12, wanda ya yi yawa. Mafita ita ce a yi layi biyu, kowane layi da tasha 5 iri ɗaya, a sami rukuni 10 na mutum shida-shida. Minti 10 na farko na gabatarwa ne da gargaɗi. Kowace tasha minti 12, wato 10 na aiki da 2 na gyara wuri da matsawa, jimla minti 60. Minti 10 na ƙarshe na tattara bayani ne.

Tasha ta 1, zoɓo. A jera kofuna biyar masu ɗauke da ruwan tsamiya, ruwan lemon tsami, ruwan sha, jiƙon kanwa da ruwan sabulu. Ɗalibai su ɗiga ruwan zoɓo maras sukari a kowanne. A cikin masu tsami launin yakan zauna ja mai haske, a cikin jiƙon kanwa kuwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Dalili shi ne sinadarin da ke ba zoɓo launinsa yana sauya kama gwargwadon tsamin abin da ya shiga.

Tasha ta 2, kanwa da lemon tsami. A zuba dakakkiyar kanwa a ƙaramar kwalba, a ƙara ruwan lemon tsami, a yi maza a rufe bakin kwalbar da balan-balan. Kumfa za ta taso, balan-balan ya fara kumbura. Iskar da ta fito ita ce kabon-dayoksaid, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Tambayar da za a bar wa yara ita ce: me ya sa uwa ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa in tsami ya yi yawa? Wanda ya amsa wannan ya fahimci yadda asid da alkali ke kashe ƙarfin juna.

Tasha ta 3, buret da fifet. Waɗannan su ne bututun gilashi da ake auna ruwa da su a jarrabawar gwaji. Buret kan ɗauki mililita 50, fifet kuma 25 ko 20. A nan malami zai tsaya, a tsakiyar layukan biyu, domin a nan ne kaɗai ake amfani da sinadaran ɗakin gwaji. Ɗalibi zai koyi riƙe famfon buret da karanta ma'auni: saman ruwa a cikin bututu yakan lotsa kamar ƙoƙo, ana karantawa daga ƙasan lotsawar, ido daidai da ita. Da rukuni 10 za su yi wannan aiki a lokaci guda, sai an nemi buret 10. A wannan tsari 2 sun isa.

Tasha ta 4, takardar litmos da ma'aunin pH. Shuɗiyar takarda na komawa ja a cikin asid, jar takarda na komawa shuɗiya a cikin alkali. Sai ɗalibai su jera katunan abubuwan da suka sani a kan ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, ƙasa da 7 asid, sama da 7 alkali.

Tasha ta 5, karatu da rubutu. Babu ruwa a nan. Akwai katunan kalmomi da za a haɗa da ma'anoninsu, da tambayoyi biyu ko uku daga tsofaffin takardun jarrabawa.

Mai karatu zai lura cewa tasha 2 daga cikin 5 kayansu daga kasuwa da madafa suka fito. Wannan yana da tasiri fiye da rage kuɗi. Yarinyar da ta ga kanwar gidansu a kan teburin gwaji ta gane cewa kimiyya tana magana ne a kan abin da take taɓawa kullum.

6.0 Sharuɗɗan Samun Nasara

Akwai abubuwan da in ba a kiyaye su ba dabarar takan zama hayaniya kawai.

Na ɗaya, kowace tasha ta tsaya da ƙafarta. Tun da wani rukuni daga tasha ta 4 zai fara, bai kamata fahimtar ta 4 ta dogara da an yi ta 1 ba. Saboda haka batun da dole sai an bi shi daki-daki, kamar koyon daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, ya fi dacewa da allo.

Na biyu, ayyukan su zo daidai a tsawon lokaci. In wata tasha na ƙarewa a minti 4, wata kuma na cin 15, za a sami masu zaman banza da masu cunkoso. Malami ya gwada kowace da agogo tun kafin ranar. Gwajin zai kuma nuna masa ƙarfin kayansa, domin kanwa iri-iri ce, jar kanwa daban, ungurnu daban.

Na uku, kowane ɗalibi ya sami aiki. A rukunin mutum 6 a sami mai karanta umarni, mai riƙe kaya, mai rubutu, mai duba lokaci, mai gyara tasha da mai ba da rahoto, kuma a riƙa musanya a kowace tasha. In ba haka ba, akan ga masu baki sun kame kayan gwaji, an bar masu kunya da alƙalami, kuma a ajin da ke haɗe maza da mata sau da yawa matan ne ake bari da rubutu.

Na huɗu, tsaro. Ba a ajiye asid mai ƙarfi ko wuta a tashar da malami ba ya tsaye. Ba a zuƙar ruwa a fifet da baki. Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ko da zoɓo ne.

Na biyar, kada a ci lokacin tattara bayani. Yara na iya ganin launi ya sauya su yi murna, su fita ba su san dalili ba. Minti 10 na ƙarshe ne malami ke ɗinke abin da aka gani a tashoshi ya zama darasi guda.

7.0 Inda Harshe Ya Shigo

7.1 Takardar Umarni

A tasha 4 daga cikin 5 babu malami, sai takarda. Ita ce za ta faɗi abin da za a yi, kuma ba ta jin tambaya balle ta maimaita. A duba wannan jimla: "Ana buƙatar ɗalibai da su gudanar da bincike a kan tasirin da ke faruwa ga launin zoɓo a yayin da aka haɗa shi da sinadarai mabambanta." Hausa ce, amma yaro zai kashe rabin lokacinsa yana neman abin da ake so ya yi. A gwada ta da wannan:

Gargaɗi: kada a ɗanɗana komai.
1. Ga kofuna 5, kowanne da lambarsa.
2. Ku ɗiga zoɓo ɗigo 10 a kofi na 1, ku girgiza a hankali.
3. Ku rubuta launin da kuka gani.
4. Ku yi haka ga sauran kofunan.
5. Waɗanne kofuna ne launinsu ya zo ɗaya? Me kuke jin ya haɗa su?
6. Ku zubar, ku ɗauraye, ku sake zubawa domin masu zuwa.

Bambancin na nahawu ne. An bar sunayen aiki irin su "gudanar da bincike" an koma ga aikatau kai tsaye, an yi amfani da sigar umarni ta jam'i, kowane layi ya ɗauki mataki guda, an kuma jera layukan yadda hannu zai bi su. Wannan aiki ne da ɗalibin harshe ya fi kowa horo a kansa.

7.2 Kalmomi Masu Tarko

Akwai kalmomin Hausa da ke ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda kimiyya ta raba. "Narkewa" misali ce: ƙanƙara ta narke a rana, sukari ya narke a shayi. A wurin masanin kimiyya abubuwa biyu ne daban, domin na farko zafi ne ya mai da daskararre ruwa, na biyu kuwa wani abu ne ya watsu a cikin ruwa. Mai rubuta takarda sai ya ce "narkewar zafi" da "narkewa cikin ruwa". Haka "iska": tana nufin wadda muke shaƙa da wadda ke kaɗawa, in kuma aka ce "iskar gas" yaro zai tuna tukunyar girki. "Gishiri" a madafa guda ne, a kemistiri kuwa suna ne na duk abin da asid da alkali suka haifar tare da ruwa. "Nauyi" da "zafi" ma kowannensu na rufe abu biyu a fiziks.

Launuka ma suna da nasu tarkon. In yaro ya rubuta "ruwan toka", launi yake nufi ko tatacciyar tokar da ake sa wa miya? Ita ma kalmar "alkali" lanƙwasa ɗaya ce ta raba ta da "alƙali" mai shari'a, kuma duk wanda ya yi bugu a kwamfutar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa ya san yadda biyun ke zama ɗaya. Abin sha'awa shi ne dukansu daga Larabci suka fito, amma daga tushe daban-daban. Alkalin kemistiri ya samo asali ne daga kalmar Larabci mai nufin tokar wasu tsirrai. Ke nan malamin da ya kawo ruwan toka aji ya mai da kalmar gidanta na asali.

7.3 Hirar Cikin Rukuni

Da zarar malami ya juya baya, yara shida da ke kan kofin zoɓo za su koma harshen da suka fi sakewa da shi, kuma a Tirwun Hausa ce. Wasu malamai kan ɗauki wannan a matsayin laifi. A ganina a nan ne fahimta ke samuwa. Ni da Hausa ta zame mini harshe na biyu, na san cewa wanda ke tsoron yin kuskure a gaban mutum 60 yakan buɗe baki a gaban mutum 5, ya yi tambayar da ta daɗe tana cin sa.

Wannan ba ya nufin a jingine Turanci. Da shi ake rubuta jarrabawa, kuma shi ne harshen koyarwa a sakandare. Gwamnatin Tarayya ta amince da Manufar Harshe ta Ƙasa a 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru 6 na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tanadi. Ko ma dai wane ra'ayi mutum ke da shi a kan haka, babu dokar da ke iya shiga tsakanin yara biyu da ke yi wa juna bayani. Abin da ya fi dacewa shi ne takarda mai fuska biyu, Turanci a gaba, Hausa a baya. A tattauna da harshen da aka ga dama, a rubuta sakamako da Turanci, a kuma ajiye keɓaɓɓun kalmomin jarrabawa yadda suke a duka fuskokin.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Tun a ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da littattafan Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yaran firamare duk darussa in ban da Turanci, har da kimiyya da lissafi, da Yarbanci tsawon shekara 6, kuma sakamakon ya nuna ba su koma baya ba. A 1990 aka wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, sannan a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Harsashi yana nan. Abin da ya rage shi ne a sauko da aikin zuwa teburin gwaji.

8.0 Matsalolin Dabarar

Gaskiya ita ce tasha-tasha tana cin lokacin malami kafin darasi. Sai ya jiƙa zoɓo, ya daka kanwa, ya rubuta takardu 10, ya jera tebura. Malamin da ke da azuzuwa da yawa ba zai iya haka kowane mako ba, kuma ba a ce ya yi ba. Sau biyu ko uku a zangon karatu ya fi babu, kuma takardun da aka rubuta bana za su yi aiki baɗi.

Akwai kuma hayaniya, wadda kan sa shugaban makaranta ya leƙo yana zaton aji ba malami. Akwai ƙuncin wuri, domin dogayen bencina ba sa juyuwa cikin sauƙi, ko da yake tashoshin da ba su da haɗari ana iya kai su baranda ko gindin bishiya. Sannan minti 10 ba za su mai da yaro gwanin buret ba. Za dai su cire masa tsoronta, ya zo darasi na gaba hannunsa ba ya rawa. Matsala mafi girma ita ce kuskure na iya yaɗuwa a cikin rukuni ba tare da malami ya ji ba, musamman in mai ƙarfin baki ne ya fara shi. Wannan ne ya sa aka nace a kan rubuta sakamako da tattara bayani a ƙarshe.

9.0 Kammalawa

An ga cewa koyarwa tasha-tasha hanya ce ta sa kaya kaɗan su zagaye ɗalibai masu yawa, an kuma ga cewa ƙarfinta ya rataya ne a kan takardar da ke magana a madadin malami da hirar da yara ke yi a tsakaninsu. Malamin kemistiri ya san abin da zai faru a cikin kofi, amma ba lallai ne ya lura cewa "narkewa" na da fuska biyu ba. Ɗalibin Hausa ya san kalmar, amma bai san kofin ba. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara guda biyu. Wanda zai je koyarwar gwaji ko bautar ƙasa a wata sakandare, ya nemi malamin kimiyya na makarantar, su zauna su rubuta takardun tasha na darasi ko da guda ɗaya, a gwada su a kan ɗalibai, a gyara duk layin da ya sa yaro ya ɗaga hannu. Wanda kuma ke neman batun kundin kammala digiri, ga fili a buɗe: ya tattara kalmomin da yara ke amfani da su a tsakaninsu in suna bayanin kimiyya da Hausa, ya ware masu kyau daga masu tarko. Irin wannan kundi malamin Tirwun zai iya buɗe shi ranar Litinin ya yi aiki da shi.